Akwatin da Aka Kawo wa Mma Mariatu

Duk Bahaushen da ke zaune a unguwar Karama ta Dubai ya san Sherif. Wanda bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Ɗan zangon Kumasi ne, dogo mai faɗin ƙirji, yana aikin gadi a wani katafaren kanti. Kafin ya zo Dubai ya taɓa yin ɗan sanda a gida. Masu tsegumi sun ce iyakar aikinsa ba da hannu a mahaɗar titi, amma in ka ji shi yana bayanin yadda ake ɗaukar zanen yatsa, sai ka rantse a hannunsa aka fara abin.

Shari'ar Mai Zinare ce ta fito da sunansa. Wani hamshaƙin dillalin zinare aka tsinci gawarsa a gidan gonarsa da ke bayan Kumasi, 'yan sanda suka kama direbansa, wani mai suna Ado. Hujjarsu ita ce wayar Ado ta nuna tana kusa da gonar a ranar, sannan an sami agogon mamacin a motar da yake tuƙawa. Lauyan Ado kuwa ya ce ai direba inda maigidansa yake nan wayarsa take, kuma agogon mutum a cikin motarsa ba abin mamaki ba ne. Shari'a ta yi ta jan ƙafa har ta shiga shekara ta biyu, mutanen zango na gida da na waje suka rabu gida biyu a kanta.

Kowace Juma'a bayan la'asar Sherif kan jingina wayarsa da gwangwanin madara, ya buɗe shirin kai-tsaye, ya fede shari'ar har wutsiya. Shi dai a wurinsa an gama magana, Ado ne. Babban abokin musunsa shi ne Hamissou, mutumin Maraɗi mai shagon jakunkuna da akwatuna a kasuwar Naif. In Sherif ya ce biri ya yi kama da mutum, sai Hamissou ya rubuto cewa kama da wane ba wane ba ne, 'yan sanda sun cafke na farkon da suka gani suka koma suka kwanta. Haka za su yi ta yi, in an tashi kuma su haɗu su sha shayi, don ba gaba suke yi ba.

Ana cikin haka matar Sherif, Faridatu, ta haifi 'ya mace. Aka shirya mahaifiyarta za ta zo daga Kumasi a hutun ƙarshen shekara, ta ga jika a yi suna da ita. Ana jibi za ta sauka, Faridatu ta kira mijinta ta ce ya zauna.

"Maigida, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye maka. Ka yi alkawari ba za ka yi ihu ba, jaririya na barci."

"Faɗi mana."

"Ka san mutum bakwai ɗin nan da ake zaɓowa daga cikin jama'a a rantsar da su, su zauna su saurari shari'ar kisan kai, su ce an aikata ko ba a aikata ba?"

"Juri. Ni za ki koya wa? Ai makon jiya na yi sa'a guda ina bayaninsu."

"To Mma tana cikin na shari'ar Mai Zinare."

Sherif ya dafe kai da hannu biyu. Can ya nisa ya ce, "Ei! Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka fara."

"Kina kallona ina ta hasashe a gaban duniya, ashe surukata ce ke zaune a kan kujerar?"

"Shi ya sa ban faɗa maka ba. Alƙali ya ba ta izinin zuwa ne bisa sharaɗi. Ba za ta yi maganar da kowa ba, ba za ta saurari ra'ayin kowa ba. Saboda haka gwangwanin madarar nan zai koma kicin har sai ta tafi."

Ya yi alkawari, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Har ma ya ga ya kamata ya taimaka. Washegari ya zaga Karama, daga wurin mai aski zuwa wurin mai sayar da koko da ƙosai, yana ja wa kowa kunne cewa kada wanda ya kuskura ya ambaci shari'ar Mai Zinare a gaban surukarsa. Aka tambaye shi dalili, ya ce sirri ne. Kafin azahar babu wanda bai san sirrin ba.

Mma Mariatu ta sauka. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, malamar firamare, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta da yawan magana, amma tana da wani kallo da take yi ta saman tabarau, wanda ya ladabtar da yaran unguwar Aboabo masu yawa. Sherif ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ɗauki kayanta, ya kai ta gida. Daga nan azabarsa ta fara. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: mutumin da ya ga kowane shaida da idonsa yana zaune a falonsa yana shan shayi, shi kuma ba halin tambaya.

Rana ta biyu ya kasa daurewa, ya ɗan zagayo ta bayan gida.

"Mma, ya mutanen Kumasi?"

"Suna lafiya."

"Masha Allah. Na ce, Mma, in mutum ya cire agogonsa a mota, a ganinki a ina ya fi ajiyewa?"

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Sherif ya tuna akwai ruwan zafi da ya ɗora, ya tashi ya shige kicin, ko da yake ba abin da ya ɗora.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Muhsinat. An kama wani ɗakin taro a saman gidan abinci, aka dafa wake da shinkafa irin na gida da tuwon zafi, jama'a suka cika maƙil. Kowa ya kiyaye gargaɗin Sherif, ba wanda ya ambaci shari'a. Sai dai gaisuwar da aka riƙa yi wa Mma ta ɗan bambanta da ta barka. Wata ta riƙe hannunta ta ce, "Allah ya saka wa marayu, Hajiya." Wani ya sunkuyo ya ce, "Allah ya kuɓutar da wanda aka zalunta." Wata kuma ba ta ce komai ba, ta dai yi ta gyaɗa mata kai tana ƙifta ido.

Mma ta gaji, ta ɗauki farantinta ta koma can lungu kusa da taga. A nan ta tarar da Alhaji Sualah, wani dattijo mai farin gemu, mutumin Yendi, direban motar 'yan makaranta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma, ba ya shiga hayaniya. Sherif ya hango su daga nesa, ya matso yana yi kamar yana raba ruwa don ya ji abin da ake cewa. Sai ya ji Alhaji yana ba ta labarin zabbin da yake son kiwatawa in ya koma gida, da yadda zabuwa ke ɓoye ƙwanta a ciyawa ta manta inda ta sa. Mma tana dariya har da cire tabarau tana share ido. Sherif ya ce a ransa wannan ba shi da hatsari, ya wuce.

Kwana biyu bayan suna, da hantsi, wani mai kai saƙo a babur ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ajiye wani sabon akwati ja, babba, an naɗe shi da leda an ɗaure da salatif, ya juya ya tafi. Ba a rubuta komai a jiki ba sai sunan Mma. Faridatu ta kai hannu za ta yage ledar.

"Kada ki taɓa!" in ji Mma. Ta ja da baya kamar ta ga maciji. "Wa ya aiko?"

Ba wanda ya sani. Mma ta zauna a bakin kujera, fuskarta ta canza.

"Ku saurare ni," ta ce. "In wannan kaya daga hannun wani mai alaƙa da shari'ar nan ya fito, ko ta ɓangaren mamaci ko ta ɓangaren wanda ake tuhuma, dole in gaya wa alƙali. Yana iya sallamata. In ya sallame ni, ana iya rushe zaman duka a koma farko. Mutum yana tsare yana jiran ya san makomarsa, iyalan mamaci su ma suna jira. Saboda zuwana suna a maida su baya?"

Sherif ya ji tausayinta ƙwarai. Amma a can ƙasan zuciyarsa wani abu ya yi tsalle, domin yau dai ga bincike na gaske ya biyo shi har gida. Ya shiga kicin ya sako safar hannu ta wanke-wanke, ya ɗaga akwatin a hankali ya ɗora a saman kabad.

"Mma, ki kwantar da hankalinki. Kafin ki hau jirgi zan kawo miki wanda ya yi wannan aiki."

Ya fara da mai gadin bene, wani ɗan Nepal da suke mutunci saboda sana'a ɗaya. Suka duba hoton kyamarar ƙofa, suka ga mai babur ya shigo ya fita, hular kwano ta rufe fuskarsa. Wannan hanya ta toshe. Ya dawo ya hau kujera ya haska salatif ɗin da fitilar waya. A nan ya ga abin da yake nema: an buga sunan shago a jikin salatif ɗin, ƙanana-ƙanana, an maimaita. Shagon Hamissou ne.

Sherif ya sauko daga kujera a hankali. Nan take komai ya jeru masa. Wa ya fi kowa kare Ado? Hamissou. Wa ya taɓa zaman kasuwanci a Kumasi kafin ya zo Dubai? Hamissou. Wa aka gani ranar suna ya gaida Mma har sau biyu? Shi dai. Ya saka rigarsa ya hau jirgin ƙasa zuwa Deira, inda kasuwar Naif take.

Naif ta cika kamar kullum, masu turin kaya na ta ihun a ba su hanya, matan Kano da na Yamai na ciniki da hannu da ƙafa. Ya sami Hamissou a kan tsani yana sauko da jakunkuna.

"Ah, mon ami, abokina! Ka zo ka amsa cewa ka sha kaye?"

"Sauko, magana ce da ni." Sherif ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannuwa. "Kwanan nan ka ɗaure wani jan akwati?"

Hamissou ya sauko. "Ina ɗaure akwatuna da yawa."

"Wanda aka kai gidana."

"To, na ɗaure."

"Kai ka rubuta sunan surukata a jiki?"

"Ni na rubuta."

"Kai ka kira mai babur?"

"Ni na kira. Amma ba ni na aika ba. Wani ne ya saya, ya zuba kayansa, ya roƙe ni in tura."

"Wane ne?"

"Ya sa na rantse ba zan faɗa ba sai ya faɗa da bakinsa."

Sherif ya yi wata 'yar dariya irin ta wanda ya sha jin wannan. "Kowa aka kama haka yake cewa, wani ne ya ba ni. Hamissou, musu daban, wannan daban. Kana so ka sayi surukata don a saki mutuminka?"

Hamissou ya zare ido. "Ni? Jamais, har abada! Ado ko a hanya na gan shi ban san shi ba. Kai dai ka je ka sha ruwan sanyi."

Sherif ya koma gida yana tafiya kamar mai ɗauke da tuta. Ya zayyana wa Mma da Faridatu komai, ya ƙare da cewa magana ta fito fili.

Faridatu tana shayar da Muhsinat, ta ce, "Maigida, sabon akwati ne fa. Ja. Wa ka taɓa ji ya ba da cin hanci a irin akwatin da ake kai wa amarya?"

"Dabara ce ta ɓad da sawu. Ke ba ki san masu laifi ba."

Mma ta ce, "Ya ce maka shi ya aiko?"

"Ya amsa shi ya ɗaure, shi ya rubuta, shi ya kira babur."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Bai ce ba, Mma. Amma ai ba zai ce ba."

"To ba mu sani ba tukuna," in ji ta, ta ci gaba da ninke kayan jaririya.

Tun kafin wannan rigima an riga an shirya za a kai Mma garin Hatta ranar Asabar ta ga duwatsu da madatsar ruwa. An yi hayar ƙaramar bas, Alhaji Sualah ya ce shi zai tuƙa tunda ba makaranta. Hamissou da matarsa Zeinabou suna cikin waɗanda aka gayyata. Sherif ya so a soke sunansu, Mma ta ce ba a korar baƙon da aka riga aka kira. Sai ya canza shawara, ya ga ma hakan ya fi. Zai tafi da akwatin, ya maida wa Hamissou a gaban shaidu, a ɗauka a waya, Mma ta sami abin nuna wa alƙali cewa ko buɗewa ba ta yi ba.

Da safiyar Asabar ya sauko da akwatin lulluɓe da zanen gado. Alhaji Sualah na taya shi sakawa a bayan mota, zanen ya zame. Dattijon ya yi tuntuɓe har hularsa ta faɗi.

"Sannu Alhaji, nauyi ne da shi," in ji Sherif.

"Ina... ina za a kai shi?"

"Za ka gani. Yau za a yi walƙiya."

Hanya ta yi daɗi. Suka bar dogayen benaye, suka ratsa jan yashi, duwatsu suka fara tasowa. Garin da sanyi-sanyi, mata na waƙa a baya, Zeinabou na raba dabino. Hamissou ya zauna a kujerar ƙarshe ya ƙi kallon Sherif. Alhaji Sualah kuwa gumi yake ta yi yana sharewa da hannun riga, ya kuma rage gudu har manyan motoci na wuce su. Sherif da ke zaune kusa da shi ya lura. Ya ba shi shawara ya riƙa auna jininsa, don shekaru sun fara ja.

Suka isa, suka hau kan madatsar suka ga ruwan kore shar a tsakanin duwatsu, da 'yan ƙananan jirage masu launi-launi suna yawo a kai. Mma ta daɗe tana kallo, ta ce ikon Allah, ruwa a cikin dutse. Daga nan suka gangaro wata gonar dabino da ake bari baƙi su huta, aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe kuloli. Sai da kowa ya ci ya ƙoshi, ana zuba shayi, sannan Sherif ya miƙe. Ya miƙa wa Faridatu waya ya ce ta ɗauka, ya jawo akwatin tsakiyar tabarma, ya yaye zanen.

"Jama'a, ku zama shaida. Wannan akwati an aiko wa surukata shi ba suna. Ba ta buɗe ba, ba ta taɓa ba. Bincike ya nuna daga shagon Hamissou ya fito, kuma kowa ya san ɓangaren da Hamissou yake a wata magana da ba zan ambata ba. Ga kayanka, mun maido."

 Zeinabou ta ajiye kofinta ta dubi mijinta.

"Akwati? Ja? Ka aika wa wata mace akwati, Hamissou?"

"Ke ma kin shiga? Voilà, ka ga abin da ka jawo mini!" Hamissou ya miƙe tsaye. "Na ce ba nawa ba ne!"

"To na wane ne?" in ji Sherif da Zeinabou a tare.

"Na rantse ba zan faɗa ba!"

Hayaniya ta kaure. Wasu na cewa a buɗe, wasu na cewa a bari, Muhsinat ta farka ta sa kuka. Mma ta tafa hannu sau ɗaya, irin tafin da take yi wa 'yan aji, kowa ya yi shiru.

"Mutum ya ce wani ne ya ba shi. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ba a tambayi kowa ba sai shi. To ni zan tambaya. A cikin waɗanda ke zaune a nan, akwai wanda ya san wani abu game da akwatin nan?"

Aka dubi juna. Can daga gefen tabarma aka ji gyaran murya. Alhaji Sualah ya miƙe a hankali, hularsa a hannu, yana murza ta kamar zai tatse ta.

"Hajiya, a sakar wa bawan Allah nan mara. Ni ne."

Sherif ya juyo. "Kai, Alhaji? Wane ɓangare ne ya turo ka?"

"Ɓangaren me?"

"Na shari'ar!"

"Wace shari'a?"

Wata daga cikin matan ta ce, "Shari'ar Mai Zinare mana!"

Alhaji ya duba hagu ya duba dama. "Wani ya saci zinare ne?"

Sai a lokacin aka tuna cewa wayar Alhaji Sualah irin mai madannai ce, ba ya zama wurin mai aski don kansa ba gashi, kuma da ya sauke yara yake wucewa masallaci. A duk Karama shi kaɗai ne gargaɗin Sherif bai kai kansa ba.

Mma ba ta yi dariya ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Alhaji, zan yi maka tambayoyi, ka amsa mini a gaban wayar nan. Kana da ɗan'uwa ko suruki ko abokin hulɗa a cikin masu sayar da zinare a Kumasi?"

"Ni Kumasi sau ɗaya na taɓa ratsawa, a mota, ina barci."

"Ka san wani direba mai suna Ado?"

"Na san wani Ado a Yendi, amma mahauci ne, kuma ya rasu."

"Wani ya ba ka kuɗi ko kaya ya ce ka kawo mini?"

"Wallahi guminina ne."

"To mene ne a ciki, kuma don me?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Atamfa ce da leshi da turare, da takalmi wanda ban tabbata zai yi miki ba. Hajiya, tun da mai ɗakina ta rasu ban zauna na yi hira da wani ya saurare ni har ƙarshe ba sai ranar sunan nan. Na so in zo da kaina, kunya ta hana. Na ce bari kaya su fara yin sallama, in na ga ba a yi fushi ba sai in turo manya. Ban san zan tada hankalin gida ba."

Zeinabou ce ta fara rangaɗa guɗa, har wasu Larabawa da ke tabarmar gaba suka juyo. Faridatu na dariya wayar na rawa a hannunta, tana cewa, "Ban gaya maka ba, Maigida? Ban gaya maka ba?" Sherif ya tsaya riƙe da zanen gado, ya rasa inda zai ajiye shi.

Mma ta bari guɗar ta lafa. Ta kawar da kai gefe, amma duk wanda ke kusa ya ga tana danne murmushi.

"Alhaji, na ji. Ban karɓa ba, ban kuma ƙi ba. Akwai aikin da na yi rantsuwa a kansa, kuma har in gama shi ba na karɓar ko allura daga hannun kowa. Hamissou ya ajiye maka kayanka a shago. In na koma zan gaya wa alƙali duk yadda aka yi, in nuna masa hoton nan. In an gama, ka turo manyan naka."

"Zan jira, Hajiya. Yaushe za a gama?"

"Shari'ar da ta shekara biyu ana ɗagawa?" in ji Hamissou. "Alhaji, nemi kujera mai laushi."

Aka sake fashewa da dariya. Sherif ya taka har gaban Hamissou, ya cire hularsa ya ce, "Na zalunce ka, ɗan'uwa. Ka yafe mini."

"Khalas, na yafe. Amma akwai tara. Ka ga jiragen can da ake tuƙawa da ƙafa? Zan hau, in miƙe ƙafafuna, kai za ka tuƙa ni har ƙarshen ruwa ka dawo da ni."

Haka kuwa aka yi. Sherif ya yi ta murza feda yana haki a cikin rigar hana nutsewa da ta matse shi, Hamissou na kishingiɗe yana nuna masa hanya da yatsa yana cewa yalla, ƙara sauri.

Mma ta koma Kumasi da shigowar sabuwar shekara. Ta kai wa alƙali maganar tun ranar da aka koma zama. Ya kira lauyoyin ɓangarorin biyu aka kalli hoton tare, ba wanda ya nemi a cire ta, sai ma lauyan gwamnati da ya tambaya ko za a gayyace su biki. Jiran bai kai yadda Hamissou ya yi tsammani ba. Bayan ƙaramar salla aka rufe shaida, mutum bakwai ɗin suka shiga ɗaki suka fito suka ce hujjar da aka kawo ba ta isa a ce Ado ya yi kisa ba. Aka sake shi, aka koma neman wanda ya yi.

Manyan Alhaji Sualah suka taso daga Yendi da goronsu tun kafin makon ya ƙare. Shi kuma ya ajiye aikin makaranta, yara suka yi ta kuka suna riƙe masa riga. Aka sa biki bayan babbar salla. Sherif bai sami hutu a wurin aiki ba, sai Faridatu da Muhsinat ne suka tafi. Hamissou kuwa ya rufe shago ya bi su, ya ce shi ne babban abokin ango tunda a kansa aka sha wuya.

A wurin bikin, da makaɗan zango suka saki ganga, Hamissou ya shiga fili da babbar rigarsa ya ce zai nuna wa mutanen Kumasi yadda ake taka rawa a Maraɗi. Ya yi juyi na farko aka yi tafi, ya yi na biyu aka yi masa liƙi. A na uku ƙugunsa ya riƙe, sai da mutum biyu suka fitar da shi. A keken guragu ma'aikatan jirgi suka turo shi da ya sauka Dubai. Sherif ne ya je tarbarsa, kuma da yake na'urar hawa benen su Hamissou ta lalace a ranar, shi ya goya shi har hawa na uku, Zeinabou na biye da su da jakunkuna tana faɗa, Hamissou kuma daga bisa bayansa yana ba shi labarin irin naman zabbin da aka ci.